Kai yara Yankari su ga giwa, wayar da kai ne ko yawon shan iska?

Ticha Mai Alli:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo, abin ne yake cina tun ranar Asabar. Wasunku sun san ina koyarwa a wata firamare ta ɓangaren Duguri, kuma ni aka liƙa wa kulab ɗin muhalli na makarantar, ba don na san namun daji ba, don kawai ni ke koyar da kimiyya. To ranar Asabar aka samo mana bas muka kai yara 32 cikin gandun dajin Yankari. Kafin mu tashi na ce wanda ya taɓa shiga ya ɗaga hannu, wallahi ko ɗaya babu, alhali daga garinmu zuwa iyakar dajin tafiyar ƙafa ce da ba ta kai awa ɗaya ba. Ban yi musu dariya ba don ni ma sai da na haura shekara 30 sannan na ga ruwan Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumin nan ta cikin dajin, da idona.

Muka zagaya ta ƙofar Mainamaji, daga nan kuma sai ka yi wajen kilomita 40 da ɗoriya kafin ka kai masauki. Yara sun ga gadu yana yawo tsakanin ɗakuna kamar akuyar gida, sun ga gwambaza, sun yi wanka a Wikki, wani gwaggon biri ya fizge ledar ƙosan wata yarinya ya hau katanga ya zauna yana ci yana kallonta, kukan da ta yi da dariyar da sauran suka yi har yanzu ana maganarsa a aji. A gidan tarihi da aka nuna musu tarkuna da bindigogin da aka ƙwace hannun maharba wani yaro ya nuna wani tarkon ƙarfe ya ce "Malam irin na kakana", na taka masa ƙafa.

Giwa kam ba mu gani ba, ciyawa ta fi mota tsawo, sai kashi da sawu da wata bishiya da aka karya. Mai yi mana jagora ya ce ai yanzu kaka ce, giwayen suna can wajenku. Nan fa wani yaro ɗan aji biyar, wanda ba ya ma yawan magana, ya ce to idan giwar ta gwamnati ce wa zai biya babansa masarar da ta cinye bara? Mai jagora ya fara bayanin 'yan yawon buɗe ido da kuɗin shiga, yaron ya yi shiru, ni ma na yi shiru. Shi ne nake tambaya tsakani da Allah, wannan wayar da kan da muke yi wa yara tana da wani amfani, ko kuwa muna koya musu waƙa ne su je gida a ce su rufe wa mutane baki?

Sarkin Zolaya:
Hhhh wato kun ƙona mai kun zagaya duniya neman giwa, ita kuma tana bayan makarantarku tana karin kumallo. Ticha da ka kai su gonar baban yaron kawai, kyauta ne ba kuɗin geti

Na Bakin Gaji:
Sarki ka bar wasa, abin ba na dariya ba ne. Ticha yaron nan Allah ya yi masa albarka, ya yi tambayar da manya suke jin nauyin yi. Ku da kuke birni ba ku san mene ne giwa ba, a hoto kuke ganinta. Mu a bara dare ɗaya suka shiga gonar mahaifina, masara ta riga ta bushe saura kwana kaɗan a karya, da asuba muka je wallahi kamar an bi da tarakta, abin da ba su ci ba sun tattake, tsohon nan ya tsuguna a bakin gona ya riƙe kai bai ce uffan ba, takin da aka sa ma bashi ne. Bayan kwana uku wasu suka zo da takarda da biro suka auna suka ɗau hoto suka rubuta suna, har yau ɗin nan da nake maka rubutu ko kwano ɗaya ba mu gani ba. Sai kuma ka aiko min ƙanina daga makaranta da riga an zana giwa yana cewa giwa abokiyarmu ce? Abokiyar wa?

Maman Ihsan:
Allah sarki, Allah ya mayar da alheri. Amma ɗan'uwa ka yi haƙuri, laifin yaro ko na malami mene ne a ciki? Ni ina ganin gara a koya musu ɗin. Mu da muka tashi a cikin garin Bauchi an kai mu Yankari muna sakandare, kuma har yau ban manta ba. Ba daidai ba ne ɗan Legas da Bature su san wurin, ɗan da aka haifa a bakinsa bai sani ba.

Na Bakin Gaji:
Anti ban ce malami ya yi laifi ba. Cewa na yi an fara gini daga rufi. Wanda giwa take hana barci shi ne uba, shi za a fara zama da shi.

Tsohon Renja:
Salamu alaikum. Na karanta duka, bari in sa baki tunda na ci shekaru ina sintiri a dajin nan kafin gwiwa ta ajiye ni. Na Bakin Gaji ba ƙarya ka faɗa ba, na sha zuwa gonar da aka yi wa haka, kuma babu abin da ya fi wuya irin ka tsaya gaban dattijo da kaki a jikinka ba ka da abin ba shi sai haƙuri. Amma ina so matasan gidan nan su san daga ina aka taso. An keɓe dajin nan tun 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244 kuma babu shinge, to ku gaya min mutum nawa za ka ɗauka su tsare wannan da bindiga? A ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 an ga giwa kusan 350, daga baya aka koma maganar 100 zuwa 150. Masu haure ne suka yi wannan aikin, akwai lokacin da in ka ga ungulaye suna shawagi gabanka faɗuwa yake, ka san za ka tarar da gawa an sare fuska.

Da ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta sa hannu da gwamnatin jiha a 2014 aka gyara sintiri, alawus yana fita, daga 2015 aka yi shekaru ba a tsinci giwar da aka harbe ba. Amma abin da mutane ba su sani ba, yawancin kamun da muka yi ba wayonmu ba ne, wani ne a ƙauye ya kira ya ce ga baƙi sun shigo da babur da daddare sun sayi garin kwaki da yawa. Ranar da ƙauye ya daina kiranka ka gama aiki ko bindiga nawa gare ka. Wannan shi ne amfanin shiga cikin jama'a, ba riga da hula ba.

Na Bakin Gaji:
Baba na gode, ka yi maganar manya. To ai ka ga ku kuka fi bukatarmu ke nan. Mu muke ba ku labari, mu giwa take ci wa gona, kuɗin geti kuma ba mu san hanyar da yake bi ba.

Tsohon Renja:
Ɗana maganar kuɗi ta fi ƙarfina, ni ma albashi na ci. Abin da na sani shi zan faɗa. An ɗauki mutane a ƙauyukan da giwa ta fi damu aka ba su waya, ana kiransu masu gadin giwa, aikinsu da sun ga sawu ko sun ji ƙarar karya itace su kira a turo ma'aikata kafin garken ya kai gona. An kuma ɗaura wa wasu giwayen wani abin wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan Adam, ana ganin inda suka dosa a kwamfuta. Garken giwa uwa ce take jansa, babbar mace, in ka san inda take ka san inda sauran suke. Yana aiki? Wani lokaci. Wani lokacin kuma a kira ka a gari uku dare ɗaya, mota ɗaya, hanya ta cika da ruwa. Dabbar da za ta iya cin kilo 150 a yini ba ta jiran ka gyara taya.

Sarkin Zolaya:
Giwa da layar wuya mai intanet, ni ko data ba ni da ita. Allah ka ba mu matsayin giwa

Jikan Maharbi:
Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne yaron da Ticha ya taka wa ƙafa. Malam don me ka taka shi? Ai gaskiya ya faɗa. Ni ma kakana maharbi ne, kuma ba na jin kunyar faɗa. Mutumin nan in ya kalli sawu zai gaya maka gwanki ne ko kanki, namiji ne ko mace, jiya ya wuce ko ɗazu, kuma suna da dokokinsu tun kafin a zo da takarda, ba ya harbin mai ciki, ba ya harbin mai shayarwa, akwai watannin da yake rataye baka gaba ɗaya. Ban ce duk maharba haka suke ba, na yanzu masu sayar da nama buhu buhu wani abu ne daban. Amma matsalar masu zuwa wayar da kai, suna zuwa ne kamar mutanen gari ba su san komai ba. Yaro ya gama jami'a ya zo da majigi yana nuna wa tsohon da ya kwana sama da dare dubu a dawa hoton ɓauna yana ce masa wannan sunanta ɓauna. Kakana ya taɓa zuwa irin taron nan sau ɗaya, da ya dawo muka ce yaya, ya ce lemon dai da sanyi.

Ticha Mai Alli:
Hhh wallahi ka kama ni. Tsoro na ji kar a ce za a bi yaron gida. Amma da na dawo na yi ta tunani, wato a darasin da nake koyarwa kakansa shi ne mugun labarin. Yaro kuma ba zai zaɓe ni ya bar kakansa ba.

Tsohon Renja:
Jikan Maharbi ka taɓo wuri. Mafi iya bin sawu da na yi aiki da su tsofaffin maharba ne da suka ajiye. Akwai wanda ni da hannuna na taɓa kama shi, daga baya muka zama abokan sintiri, shi ya koya min in iska ta juya ka bar wurin ko da giwa ba ta nuna ta gan ka ba. Kuma ku sani ma'aikatan nan ba daga sama suka faɗo ba, da yawansu 'ya'yan yankin ne, mun binne wasu da maharba suka harbe. A 2021 ɗaya daga cikin ma'aikatan Yankari, Suleiman Saidu, ya karɓi lambar yabo ta Tusk, ƙungiyar kare namun dajin Afirka, a Landan, Yarima William yana wurin. Ticha yaranka sun san wannan? Irin shi ya kamata a kawo aji ya tsaya ya yi musu magana da Hausa.

Ɗan Maraɗi:
Salam 'yan uwa na Najeriya, ina biye da ku tun ɗazu. Bari in ba ku namu na Nijar ko da ba giwa ba ne. Kun san raƙuman dawa na Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai kan hanyar Doso. Su ba cikin gandu suke ba hwa, cikin gonakin mutane suke yawo, mace tana surhe raƙumin dawa yana bayan danga. A 1996 saura 49 suka rage a duniya gaba ɗaya irin nasu, daga baya suka haura 600. Kuma suna ɓarna, suna cin wake, suna cin mangwaro. Abin da ya sa mutane suka haƙura ba wa'azi ba ne kaɗai, an gina rijiyoyi, an ba mata bashi su yi sana'a, samarin wurin suka zama masu yi ma baƙi jagora suna samun na kashewa. Ɗiyan lakwal, wato 'yan makaranta, ma ana koya musu, amma malamin in ya yi magana uban yaro ya riga ya ga rijiya. A 2018 har aka ɗauki guda 8 aka kawo gandun Gadabeji nan jiharmu ta Maraɗi.

Sai dai in hwaɗa muku ɗayan gehen. A watan Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa 6 da direbansu da mai jagora a wurin, baƙi suka ɗauke ƙahwa. Wanda duk ya jingina cikinsa da baƙo ya ji jiki. Don haka in za ku ce ma yaro giwa za ta kawo Bature da kuɗi ku yi hankali, randa Bature bai zo ba mi za ku ce mishi?

Maman Ihsan:
Ikon Allah, 49 kacal? Ni raƙumin dawa a gandun Sumu na jihar Bauchi na gan shi, wanda aka ce daga Namibiya aka kawo su.

Tsohon Renja:
Haka ne Hajiya, a 2006 aka kawo su. Da can Yankari akwai nata, suka ƙare. Abin da ka kashe da harsashi ɗaya sai ka yi hayar jirgi ka roƙo a ƙasar wani.

Na Bakin Gaji:
Ɗan Maraɗi Allah ya biya ka, ka ga abin da nake faɗa. Rijiya tukuna sannan waƙa. Kuma raƙumin dawa ba ya kashe mutum a gona, giwa tana yi.

Ɗan Ruga:
Ana ta maganar manoma kamar su kaɗai ne a bakin dajin. Mu fa? Da rani in ka tsaya a iyaka, bayanka ƙasa ce fara fat, gabanka ciyawa da ruwan kogin Gaji, shanu suna kallo suna kuka, burtalin da kakanninmu suke bi an nome shi. Yaro ɗan shekara 14 yana riƙe da sanda, me kake so ya yi? In an kama shi tara, wani lokacin a yi asarar saniya. Ban ce shiga daidai ba ne, na san doka ce, kuma na san masu hawa kawo da maɗaci suna sassabe wa shanu ganye suna kashe itatuwa. Amma a duk tarukan nan sau nawa aka je ruga aka zauna da arɗo a kan tabarmarsa? Ana yin taro a ƙofar sarki da Hausa da Turanci ranar da muke kasuwa ko muke kiwo. Abu ɗaya da na ga ya shiga ran mutanenmu shi ne lokacin da aka zo da allurar rigakafin shanu, ranar kowa ya fito, har wanda ba ya ga maciji da ma'aikata. A wurin aka yi maganar daji kuma aka saurara.

Tsohon Renja:
Kuma rigakafin nan ba alfarma aka yi muku ba, dajin ma yana bukata. Dattawanku za su tuna annobar bushiya ta 1983, ba shanu kaɗai ta kwashe ba, ta taɓa ɓauna da gadu a cikin daji. Cuta ba ta san iyaka ba. Sannan maganar zaki, a duk Najeriya Yankari da Kainji ne ake cewa sun rage, in ya kama saniya aka zuba wa mushen guba, zaki ya ci, kura ta ci, ungulu ta ci, an gama da su a yini ɗaya.

Ɗan Ruga:
Baba na sani, kuma ba na goyon bayan guba. Amma wanda aka kashe wa saniya shi ma a ji kukansa.

Malam Ƙarami:
Bismillah. Tunda an ambaci ungulu, don Allah wa ya tuna rabonsa da ganinta a mayanka? Muna yara a kan rufin kwata suke jere kamar masu jiran rabo, yanzu babu, an kwashe an kai wa masu magani. Ba mu ji komai ba don ba ta da kyau. Abin da nake so in ƙara shi ne, masu wannan aiki suna mantawa da mumbari. Mutumin ƙauye zai iya ƙin zuwa taro amma ba zai ƙi Juma'a ba. Kuma ba sai an ƙirƙiro komai ba, a cikin Suratul An'am an gaya mana dabbobi da tsuntsaye al'ummu ne kamarmu, ga hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ga na wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare. Amma in liman zai faɗi wannan to ya faɗi ɗayan ma, dukiyar talaka tana da alfarma, wanda aka ba amanar dabba kuma ta yi ɓarna akwai magana a kansa. Kar a ɗauko malamai a ba su rabin karatu.

Sarkin Zolaya:
Allah gafarta malam to giwa in ta ci gona wa za a kai gaban alƙali, ita ko mai abin wuyan?

Malam Ƙarami:
Kai dai Allah ya shirye ka.

Uwar Marayu:
Tun ɗazu maza kuke ta yi, manomi, makiyayi, maharbi, liman. Wa yake shiga bakin dajin nan kullum ta Allah? Mata ne. Mu ke itace, mu ke tsintar kaɗanya, mu ke ɗorawa. Ni a can na tashi kafin aure ya kawo ni Gombe, kuma yanzu in na je gida sai in ga inda muke yin itace muna yara ya zama fili, mata sai sun yi tafiyar da ta ninka. Ba mu muka cinye shi ba, masu gawayi ne da ake lodawa a mota a kai birni, amma in an zo faɗa mai ɗan ƙunshi a ka ita ake gani. Taro kuma a ƙofar fada ake yi, mace ba za ta ratsa maza ta zauna ba. Wata ƙungiya ta taɓa kawo murhu mai tsimin itace, aka tara mu a gidan wata dattijuwa, mace ce ta zo ta koya mana da hannunta, ta dafa shinkafa a gabanmu da 'yan ƙirare. Innata har yau da irinsa take girki, da ya fashe da kanta ta sake ginawa da yumɓu. Wasu kuma aka raba musu na ƙarfe aka ɗau hoto aka tafi, tukunyar gidan yawa ba ta zama a kai, kaji ne suke ƙwai a ciki yanzu.

Maman Ihsan:
Hhhh kaji sun samu gida. Yaya gaskiya kin faɗa, kuma mu na birni da muke sayen gawayin nan buhu buhu muna da namu kason, gas ɗin ne ya gagara.

Jikan Maharbi:
Wai ni maganar zumar nan fa? Na ji ana cewa giwa tana tsoron ƙudan zuma, gaskiya ne ko labarin intanet?

Tsohon Renja:
Gaskiya ne. Fatarta da kauri amma cikin hanci da gefen ido da bayan kunne ba kauri, in zuma ta shiga hancin nan ba ta mantawa. A Kenya aka fara gwada shi sosai, ana rataya amya a jere a kewaye gona a haɗa su da waya, giwa ta taɓa wayar amyoyin su girgiza. Mai gona ya samu tsaro ya samu zumar sayarwa. Amma kar a ɗauka tsafi ne, amyar da ba zuma a ciki itace ce kawai, da zafin rani suna gudu in ba ruwa kusa, kuma babbar gona tana cin amya da yawa. Akwai kuma barkono, a kwaɓa da kashin giwa ko na shanu a busar a ƙona hayaƙin ya bi iska. Da rumfa mai tsawo da za ka hau ka hango. Duk dabara ce ta rage asara, kuma giwa tana da wayo, abin da ya kore ta bana baɗi tana iya rainawa.

Na Bakin Gaji:
Barkonon mun gwada, ranar da iska ta juyo mu muka gudu muka bar mata gonar. Zumar ce ban gwada ba, kuɗin amya ne matsala. Ticha ka ga da kulab ɗinka wannan yake koya wa yara da ni da kaina zan kawo ƙannena. Yaro ya dawo gida ya ce Baba ga yadda ake saƙa amya ga inda ake ratayawa, ka ga ya zo da abu a hannu. Ba ya zo yana gaya wa wanda bai yi barci ba cewa giwa tana ɗaukar ciki wata 22.

Ticha Mai Alli:
Hhh wata 22 ɗin nan kuwa na koyar da shi, har ya fito a jarrabawa. Amma ka bari in kare kaina kaɗan. Da na ce musu wata 22 kuma ɗa ɗaya take haifa, sai ta yi shekaru kafin ta sake, wata yarinya ta yi lissafi da kanta ta ce to ashe in aka kashe goma ba za su dawo ba sai ta yi aure ta haihu. Ban gaya mata ba, ita ta gano. Wannan ba banza ba ne. Inda na yarda da kai shi ne littafin da aka ba mu da fastocin duk Turanci ne, hotunan ma na wata ƙasa ne da jakin dawa, yaro yana haddacewa ne kawai. Kuma babu shafi ko ɗaya da ya ce ga abin da za ka yi in ka haɗu da giwa a hanyar gona, alhali shi ne abin da zai iya ceton ransa.

Tsohon Renja:
Wannan ka rubuta ka ba su gobe. Kar ya yi gudu a fili a miƙe, kar ya shiga tsakanin uwa da ɗa, kar ya jefe ta, ya lura da inda iska take kaɗawa ya koma ta ƙasanta ya janye a hankali, ganinta ba shi da ƙarfi amma hancinta da kunnenta ba wasa. In ta baza kunne tana kaɗa kai gargaɗi take yi, ka ba ta wuri. Yawancin waɗanda abin ya rutsa da su taron kallo ne, yara su bi ta da ihu da waya ana ɗaukar bidiyo.

Admin:
Jama'a muhawara ta yi daɗi amma don Allah wanda ya turo tallan maganin basir a tsakiya na goge, kar a sake.

Ticha Mai Alli:
To ga abin da na yanke, ku gyara min. In Allah ya kai mu Fabrairu ko Maris, lokacin da ciyawa ta kwanta dabbobi suka taru a bakin Gaji, zan nemi a sake ba mu mota, amma wannan karon rabi yara rabi iyaye, har da baban yaron nan in ya yarda, da mata ko biyar ne, Uwar Marayu ki ba ni sunan wadda za ta tattaro su ta akwatin sirri. Kakan mai tarkon ma zan je in gaishe shi in roƙe shi ya zo aji ya koya mana sawu. Hedimasta zai ce na kawo maharbi makaranta, zan san yadda zan yi da shi. Amya kuma akwai mai saƙawa a garinmu, zan tambayi kuɗin guda biyu mu fara a bayan makaranta, nesa da aji dai.

Na Bakin Gaji:
In ka samu motar ka sa sunan tsohona, shekararsa kusan 70 bai taɓa ganin Wikki ba, kullum cewa yake wai ƙarya ne ruwa ya fito daga ƙarƙashin dutse da ɗumi. Amma ka gaya wa mai jagoran ya shirya, tambayar da yaron nan ya yi ita zai maimaita, kuma shi ba a taka masa ƙafa.

Sarkin Zolaya:
A sa ni a jerin iyaye, ina da ɗa a zuciya

Uwar Marayu:
Ticha na tura maka. Ka ce su riƙe ledar abincinsu da kyau.

Ɗan Ruga:
Kujera biyu na ruga fa? Ko mu a bar mu a iyaka kamar kullum

Ticha Mai Alli:
Wallahi na manta, ka gani ko, ni ma na yi irin abin da muke zargi. Biyu naku ne, ka yi wa arɗo magana. Bas ɗin mai 32 ce, sai na sake lissafi.

Na Bakin Gaji:
Ku ci gaba, ni zan sauka. Yanzu ƙanina ya kira wai an ji su ta wajen fadama tun bayan isha'i, za mu kwana a gona da gwangwani da tocila. Cajina saura 9, wanda yake da lambar mai gadin giwa na ɓangarenmu ya turo min yanzu don Allah, tawa ta ɓace da tsohuwar waya.